Ruwan Zartsi a Gidajen Sakkwato: Inda Yake Cin Kuɗi da Yadda Ake Rage Ɓarnarsa

Kafin a kai ruwa ɗakin gwaji, kayan gida sun riga sun ba da labarinsa. Butar shayi ta yi farin ƙanzo a gindi, sabulu ya ƙi kumfa sai dai ya tsinke ya yi guda-guda a saman baho, wake ya cinye itace bai nuna ba, ramukan shawa sun toshe saura uku ko huɗu suna feshi a karkace. Gidan da aka ga waɗannan tare, ruwansa na ɗauke da kalsiyam da maganiziyam masu yawa. Shi ne ruwan da mutane ke cewa yana da zartsi, ko yana da nauyi, ko yana cin sabulu. A Sakkwato da kewayenta abin ya zama jiki, har wasu sun ɗauka haka ruwa yake a ko'ina.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙasa. Birnin na zaune ne a kan shimfiɗar dutsen farar ƙasa da masana duwatsu suka raɗa wa sunan Kalambaina, wurin da kamfanin siminti ya fara aiki tun 1967 saboda wannan dutsen. Shimfiɗar ta miƙa arewa har cikin Nijar, inda kamfanin simintin Malbaza a jihar Tawa ke cin irin wannan arziki. A ƙarƙashinta akwai laka mai tauri da ake kira shimfiɗar Dange, mai ɗauke da jifsam, farin dutse mai laushi da ake yin garin POP da shi. Ruwan sama kan ɗebi iskar kabon a sama da cikin ƙasa, ya ɗan yi tsami kaɗan, idan ya ratsa farar ƙasa sai ya narkar da ita a hankali ya tafi da ita cikin rijiya. Idan kuma ya taɓa jifsam sai ya ƙaro wani nau'in gishirin da ya fi taurin kai. Shi ya sa unguwa biyu da ke kallon juna za su iya shan ruwa iri biyu, gwargwadon zurfin rijiyar kowa da shimfiɗar da ta tsaya a ciki. Ruwan da hukuma ke ɗebowa daga kogin Rima, wanda madatsar Goronyo ke ciyarwa, yawanci ya fi na rijiya laushi. Amma famfon gidaje da yawa yanzu daga tankin sama yake zuba, tankin kuma daga burtsatsen gida ko na maƙwabci, ko daga kurar 'yan ga-ruwa. Don haka "ruwan famfo ne" ba ya gaya maka komai sai ka san inda bututun ya faro.

Ana auna nauyin ruwa da miligiram na farar ƙasa a cikin lita ɗaya. Ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi. Daga 61 zuwa 120 matsakaici, daga 121 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 kuma mai nauyi ƙwarai. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta tsayar da iyaka a 150. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa iyaka saboda lafiya ba, sai dai ta nuna cewa daga wajen 200 zuwa sama ƙanzo kan fara taruwa a bututu da tukwanen dafa ruwa. A lissafin da ke tafe za a yi amfani da 300 a matsayin misali, don a ga yadda ake yin lissafin. Kowa sai ya sa adadin nasa ruwan.

Fara sanin irin wanda kake da shi

Zartsi iri biyu ne, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan. Akwai wanda tafasa ke saukarwa, wato wanda farar ƙasa ta haifar. Akwai wanda ko an kwana ana tafasawa yana nan, wato na jifsam da danginsa. Yawancin rijiyoyi suna da haɗin biyun, sai dai ɗaya ya rinjayi ɗaya.

Gwajin gida ba ya buƙatar komai sai gorunan roba uku masu haske iri ɗaya. A kankare sabulun gula kaɗan, a narkar da shi a ruwan sama ko fiya wata. Kada a yi amfani da omo ko sabulun ruwa na wanke-wanke, domin su suna kumfa ko a wane ruwa, za su ɓoye gaskiyar. A gora ta farko a zuba ruwan sama zuwa sulusi, ta biyu ruwan famfon gida, ta uku ruwan famfon da aka tafasa minti 15 aka bar shi ya huce ya kwanta aka tsiyaye samansa. A ɗiga ruwan sabulun daidai wa daida a kowace gora, a rufe, a girgiza sau goma. Ta farko za ta yi kumfa mai tsayi, ruwan ƙasa garau. Idan ta biyu ta yi fari kamar tsinkakken nono babu kumfa, ruwan na da nauyi. Amsar da ake nema tana gora ta uku: idan ta yi kusa da ta farko, tafasa na maganin naka, idan ta tsaya kusa da ta biyu, kada ka ɓata gawayi.

Wanda zai sayi wata na'ura mai tsada, ya fara kai lita ɗaya ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko na jami'a, a cikin gora mai tsabta da aka ɗauraye sau uku da ruwan, bayan an bar famfo ya zuba na minti biyar. Ya nemi a auna masa nauyin ruwa gaba ɗaya, da ƙarfe, da salfet (gishirin da jifsam ke sa wa ruwa), da naitiret, da fuloraid. A yi gwajin cikin rani, wajen Maris ko Afrilu, lokacin da gajerun rijiyoyi suka ja baya, abin da ke cikinsu ya yi kauri.

'Yar na'urar nan mai kama da biro da ake tsomawa a kofi ta nuna lamba, jimillar gishirin da ya narke take ƙiyastawa, ba ta bambance kalsiyam da gishirin miya. Akwai kuma wata mai sandunan ƙarfe da wasu masu tallar filta ke jonawa da wuta su tsoma a ruwanka, nan take ya koma ja ko baƙi, su ce ka ga abin da kake sha. Dattin da ka gani tsatsar sandar ƙarfen ce wuta ta narkar. Duk ruwan da ke da ɗan gishiri zai yi haka, har wanda babu abin da ke damunsa.

Wanki, inda asarar ta fi yawa

Sabulun gula ba ya fara wanki sai ya gama kama duk kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan. Kowane giram ɗaya na farar ƙasa yana lashe kusan giram 6 na sabulu. Baho mai lita 20 na ruwa mai nauyin 300 yana ɗauke da giram 6, ke nan sabulu kusan giram 36 ya tafi a banza kafin kumfar farko ta tsaya. Gidan da ke cika baho biyar a wankin mako ya zubar da giram 180, wato kusan gula guda, ba tare da ta wanke ko hula ba. Kuma asarar ba ta tsaya nan ba, domin wannan guda-gudan da ya tsinke yana maƙalewa cikin zaren tufa. Shi ke sa farin yadi ya koma ruwan toka bayan 'yan watanni, tawul ya yi tauri yana kartar jiki, wuyan riga ya riƙe datti ko an cuɗa har hannu ya yi ja.

Maganin mai araha shi ne soda ash, farin garin nan da masu sayar da kayan haɗa sabulun ruwa ke aunawa. Kusan giram ɗaya na garin ke saukar da giram ɗaya na farar ƙasa, don haka jarka mai lita 20 a misalinmu tana son giram 6 zuwa 7, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi. Sodar tana aiki a kan zartsi iri biyun. Amma tsarin zubawa shi ne komai. A zuba sodar a ruwa tukuna, a motsa, a jira minti 10 zuwa 15 har ruwan ya yi fari ya fara kwantawa, sannan a kawo sabulu. Wanda ya fara sa sabulu sannan ya tuna da soda, ya riga ya biya kuɗin. Idan da hali a haɗa tun dare a cikin duro, da safe a ɗebi na sama a bar farin lakar a gindi.

Kuskuren da ya fi yawa yana wajen ɗauraya. Ana wanke tufa da ruwan da aka gyara, sai a jefa ta cike da sabulu cikin ɗanyen ruwan famfo, sabulun da ke jikinta ya tsinke a cikin zaren nan take. A matse tufa sosai, ɗauraya ta farko ma a yi ta da ruwan da aka sa wa soda, ta biyu ce za a iya yi da ruwan famfo. Fararen kayan da suka riga suka dafe, a jiƙa su minti 30 a lita 10 na ruwa mai kofi ɗaya na ruwan kal, a ɗauraye, sannan a wanke.

A kiyaye, soda ash daban take da kostik soda, ko da yake shago ɗaya ake sayar da su kuma duka farare ne. Kostik tana ƙona fata, tana makantar da ido, tana cinye tukunyar alminiyam. A tambayi mai shago da suna, a rubuta a jikin robar, a ajiye inda yara ba sa kaiwa. Ita ma soda ash ɗin tana busar da hannu, ba a sa ta ga siliki da ulu, shadda mai maiƙo kuma a gwada a bakin zani kafin a tsoma duka.

Kanwa na yin irin wannan aiki, domin 'yar uwar soda ce da ƙasa ta haɗa da kanta, kuma shi ya sa iyayenmu mata suka daɗe suna gyara ruwa da ita ko da ruwan toka. Sai dai ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, kuma tana da yashi. A jiƙa ta daban, a tsiyaye ruwan a tace, a sa ninki biyu ko uku na abin da za a sa na soda. Jar kanwa kada ta kusanci fararen kaya. Omo kuwa ya fi sabulun gula jure wannan ruwa, domin an haɗa shi da abin da ke kama kalsiyam, amma shi ma sai an ƙara hannu, kuma rabin cokalin soda ya fi ƙarin omo araha.

Alif, wanda wasu ke cewa alam, ba ya rage zartsi ko kaɗan. Aikinsa kwantar da laka a ruwa mai gurɓata. Ruwan da aka sa wa alif zai yi garau a ido, ya ci sabulu kamar jiya.

Idan fararen kaya suna yin rawaya ko ja-ja, musamman bayan an sa musu bilic, wannan ƙarfe ne a ruwan, matsala ce ta daban da ake yawan samu a rijiyoyi masu zurfi. Bilic ƙara kama shi yake yi a tufa. A bar ruwan ya kwana a buɗaɗɗen duro iska ta shige shi, tsatsar ta sauka, a ɗebi na sama.

Madafa

Wake yana daɗewa a wuta ne saboda kalsiyam na ɗaure abin da ke riƙe ƙwayoyin cikinsa, ya hana su saki. Kanwa na warware wannan, amma idan ta yi yawa wake ya dagargaje, ya yi duhu, ya yi ɗanɗanon sabulu, kuma tana lalata wani ɓangare na bitamin B da ke cikinsa. Abin da ya fi shi ne a jiƙa waken tun dare a ruwan sama ko tafasasshen ruwan da ya kwanta, a dafa da irinsa, kanwar ta zama ɗan gutsure kawai. Tumatir da duk wani abu mai tsami a jira sai wake ya yi laushi, domin tsami ma yana taurara shi. Farar fatar da ke kwanciya a saman baƙin shayi ita ma aikin wannan ruwa ce. Ɗigon lemun tsami na kawar da ita.

Buta da ke tafasa lita 5 a rana za ta iya tara kusan giram ɗaya na ƙanzo kullum idan zartsin na farar ƙasa ne. A tukunyar da ke kan gas ko gawayi, ƙanzon na tare zafi, makamashi ya tafi a iska. A butar lantarki kuwa ƙarfen da ke zafi shi ke shan wuya, domin ya rasa inda zai sauke zafinsa, ya yi ta ƙuna a ciki har ya mutu. Ba a kankare shi da wuƙa. A zuba ruwan kal da ruwa rabi da rabi har ya rufe ƙanzon, a ɗumama, a bari awa ɗaya. Lita ɗaya ta ruwan kal na kasuwa ba ta narkar da fiye da giram 40, don haka buta mai kaurin ƙanzo sai an maimaita. Garin sitirik asid, wanda masu zoɓo da alawa ke saye, ya fi ƙarfi ya fi araha kuma ba ya wari: babban cokali biyu a lita ɗaya. Shi kuma kada a yi ta tafasa shi, a ɗumama kawai a sauke a bari minti 30. Idan aka daɗe ana tafasawa, abin da ya narke yana sake sauka a matsayin wani farin gari da ya fi na farko wuyar fita. Bayan an gama a ɗauraye, a tafasa ruwa sau ɗaya a zubar. Kuma a daina barin ragowar ruwa a buta ana ƙarawa a kai ana sake tafasawa.

Randa da tulu suna sanyaya ruwa ne ta hanyar zufar da ke tsattsafowa ta jikinsu tana bushewa. Ruwan na tashi, gishirinsa na zama a cikin ƙananan ƙofofin yumɓun. A hankali farin gari ya bayyana a bayan randar, zufa ta ragu, ruwa ya daina sanyi, a ce randa ta tsufa. Sau da yawa toshewa ce kawai. A goge bayanta da burushi mai tauri, a cika ta da ruwan sama ta kwana biyu tana tsattsafa, a zubar. Idan ba ta dawo ba sai a sauya.

Bututu, hita da sauran kayan aiki

Tsohon bututun ƙarfe shi ya fi shan wahala, domin tsatsa da ƙanzo suna haɗuwa su rage masa ciki har rabin inci ya koma kamar tsinken tsintsiya. Alamarsa ruwa na zuwa da ƙarfi a famfon farko, ya zo a galabaice a na ƙarshe. Babu asid ɗin da za a ɗura masa ya warke ba tare da ya huda shi ba, sai dai sauyawa da na roba, wanda cikinsa ke da santsi ƙanzo ba ya samun wurin kamawa sosai. Kan shawa da 'yar ragar bakin famfo a kwance su duk wata, su kwana a ruwan kal, a bi ramukan da tsinken sakace. Tankin sama da ke ambaliya, ko tankin masai da ke ɗiga dare da rana, yawanci ƙanzo ne ya hau bakin bawul ɗin ƙwallo ya hana shi rufewa. Jiƙawa da sauya 'yar robar ciki sun isa, ba sai an sayi sabo ba.

Hitar wanka tana tara ƙanzo da sauri ne idan zafinta ya haura digiri 60. A tsayar da ita a 60. Kada kuma a sauke ta ƙasa da haka sosai, domin ruwa mai ɗumi-ɗumi da ke zaune a tanki gidan ƙwayoyin cuta ne. Idan ta fara ƙara kamar ana soya gyaɗa, ƙanzo ya rufe ƙarfen da ke ɗumama ruwan. Sau ɗaya a shekara, gara kafin hunturu, a kashe wutarta daga suwic ɗin babban allo, a rufe ruwan shiga, a zubar da na ciki, a kwance farantin da ke riƙe ƙarfen, a kwashe ɓawon da ya taru a gindi da hannu, a jiƙa ƙarfen a ruwan sitirik, a duba sandar maganiziyam da ke kare tankin daga tsatsa, idan ta cinye a sauya, a sa sabuwar robar baki. Wajen mayarwa, a cika tankin har ruwa ya fito ta famfon zafi babu iska kafin a kunna wuta. Ƙarfen da aka kunna a bushe yana ƙonewa cikin ƙanƙanin lokaci, kuma a nan ake yawan asarar sabon ƙarfe ranar da aka saka shi.

Injin wanki a juya shi babu kaya da giram 100 na sitirik a zafin 60 duk wata uku. Na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa a zubar da ragowar ruwanta duk mako, domin ƙarawa a kai kullum na mayar da shi kauri har ragar ta sandare. Batirin inbata da na mota ba sa shan komai sai tataccen ruwan batir; ruwan famfo, har ma fiya wata, rage musu kwana yake yi. Lagireto ma haka, ƙanzo na toshe siraran hanyoyinsa mota ta riƙa zafi a kan hanya. Ruwan da ke ɗiga daga AC ba shi da gishiri, ya dace da dutsen guga mai tururi da goge gilashi, amma ba na sha ba ne. Farantan sola a wanke su da sassafe kafin su yi zafi, a share ruwan da roba nan take. Idan ya bushe da kansa a rana yana barin fararen tabo da ke tare haske.

Abu biyu kada a yi: kada a haɗa ruwan kal ko wani asid da bilic, hayaƙin da ke tashi guba ne, musamman a rufaffen banɗaki. Kada kuma a zuba asid a kan dutsen mabul ko tarazo, domin su ma farar ƙasa ce, zai ci su kamar yadda yake cin ƙanzon.

Jiki da lafiya

Kalsiyam da maganiziyam abubuwa ne da jiki ke buƙata, shansu a ruwa ba cuta ba ne. Maganar da ake yawan yi cewa farin da ke gindin buta shi ke taruwa ya zama tsakuwar ƙoda ba ta da ƙarfi. Ƙarancin shan ruwa a garin da zafi ke haura digiri 40 a bazara ya fi zama abin tsoro, kuma wanda ya rage sha don ƙyamar ɗanɗanon ruwan ya jawo wa kansa abin da yake gudu. Ruwa mai salfet da yawa yana da ɗaci kuma yakan saki cikin baƙo na 'yan kwanaki. A fata kuwa, ragowar sabulun da ya tsinke na zama a jiki ya sa ƙaiƙayi da bushewa, ya fi damun jarirai da masu kircin fata, musamman da hunturu. Sabulun wanka na ruwa ya fi na gula a nan, sai a bi da man kaɗanya jiki na da danshi. Gashi kuma a yi masa ɗauraya ta ƙarshe da babban cokali ɗaya na ruwan kal a lita ɗaya.

Abubuwan da suka fi haɗari ba sa barin alama a buta. Naitiret daga masai da ke kusa da rijiya yana cutar da jarirai, kuma tafasa ƙara masa kauri take yi. Fuloraid mai yawa shi ke ɓata haƙora da ƙasusuwan yara, kamar yadda ya faru a Tibiri ta jihar Maraɗi daga ruwan burtsatse. Shi ya sa aka sa su cikin jerin abin da za a auna.

Kafin a sayi na'ura

Filtar nan mai farin kwanso ko shuɗi da ake ɗaurawa a bakin tanki tana tare yashi da laka ne, mai gawayi kuma wari da ɗanɗano. Abin da ya narke a ruwa yana wucewa ta cikinsu. Maganaɗisun da ake ɗaura wa bututu ba ya cire komai daga ruwan, gwajin gora zai nuna maka haka a minti biyu.

Na'urar da ke tausasa ruwa da gaske ita ce mai tulun rezin, ƙananan ƙwayoyi da ke kama kalsiyam su saki sodiyam, a riƙa farfaɗo da su da ruwan gishiri. Lita ɗaya ta rezin na kama kusan giram 50. Gidan da ke amfani da lita 500 a rana na ruwa mai nauyin 300 yana kawo giram 150 kullum, ke nan tulu mai lita 25 zai ƙoshi cikin kwana 8, kuma kowace farfaɗowa na cin gishiri kilo 3 zuwa 4. Wanda ba zai iya riƙe wannan hidima ba, ya bar kuɗinsa a aljihu, domin tulun da aka daina ba wa gishiri ado ne kawai. A sa filtar yashi a gabansa, idan ruwan na da ƙarfe a fara cire ƙarfen, in ba haka ba rezin ɗin ya lalace da wuri. A kuma bar famfo ɗaya na madafa bai bi ta cikinsa ba, domin a misalinmu yana ƙara kusan miligiram 140 na sodiyam a kowace lita, abin da bai dace da madarar jarirai da masu hawan jini ba. Shuka ma ba ta son wannan ruwa.

Ƙaramar na'urar RO ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke, wadda ke matsa ruwa ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, tana cire kusan duk gishirin, har da naitiret da fuloraid, amma tana zubar da lita 3 ko 4 kafin ta ba da ɗaya, kuma ruwa mai nauyi na toshe matatarta da wuri. Ta sha da girki ce kawai. Ruwan da take zubarwa a tara shi don masai da wanke tsakar gida.

Ga yawancin gidaje, raba ruwa gwargwadon aikinsa ya fi duk wannan sauƙi: masai da shara su sha ɗanyen ruwan famfo, wanki ya sha mai soda, wake da shayi da randa su sha mai laushi. Mai laushin kuma yana sauka kyauta daga Yuni zuwa Satumba. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, a daminar da ta kawo milimita 600, zai iya ba da kusan lita 48,000 bayan an cire abin da ya zube. Matsalar wurin ajiya ce kawai. A bar ruwan farko na shekara ya wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye, a kowane ruwa ma a zubar da bokiti biyu ko uku na farko, a sa raga a bakin tanki saboda sauro, wanda za a sha kuma a tafasa.

Wanda bai haƙa burtsatse ba tukuna yana da damar da sauran suka rasa. Ya zagaya maƙwabta ya tambayi zurfin rijiyar kowa, ya ɗebi ruwansu ya yi gwajin gora. Ya sa a cikin yarjejeniya cewa za a rufe shimfiɗar sama da bututu marar huda a ɗure bayansa da siminti, don kada ruwan farar ƙasa da na masai su gangara su haɗu da na ƙasa. Zurfi kaɗai ba ya tabbatar da daɗin ruwa, domin a ƙasa ma ana iya cin karo da ƙarfe ko salfet, don haka a riƙe cikon kuɗin mai haƙa har sai sakamakon gwaji ya fito.